Makon da Gwaggo Ba Ta Koyar da Komai

Gwaggo, yayar mahaifina, ta rasu ranar wata Laraba da hantsi a gidanta da ke Jushi. Kwana uku muka yi a ƙarƙashin rumfa muna karɓar gaisuwa. Ni ina zaune kusa da Baba, don tun safiyar rasuwar bai ce uffan ba, kuma ina tsoron a bar shi shi kaɗai. Su biyu suka rage a ɗakinsu, yanzu ya zama shi ɗaya.

A rana ta biyu wani makanike ya zo daga Muchia, baƙin mai bai gama fita daga faratansa ba. Ya durƙusa gaban Baba ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri. Ni ɗan ajin Malama ne. Da murafen kwalba ta koya mini lissafi. Shekara guda na yi a hannunta, ba ta taɓa tayar da ni in yi karatu a gaban aji ba."

Wata mata Ibo mai sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari tana zaune a benci na gaba. Ta juyo ta dube shi, ta ce da Hausarta mai kyau, "Anya Malama ɗaya muke magana? Ni kullum ni take tayarwa. Har in ba karatu sai ta ce in faɗa wa aji abin da na ji jiya."

Kafin ya ba ta amsa, wani Alhaji mai babbar riga, wanda aka ce ma'aikacin safiyo ne mai awon filaye, ya sa baki. Ya ce shi abin da ya sani Malama mai zane ce, komai sai ta zana masa a bayan littafi, har yadda ruwa ke zama girgije. Nan gardama ta kaure a wurin makoki, kowa na ganin sauran sun ruɗe. Sai na ji Baba ya yi wata 'yar dariya ta hanci, karo na farko a kwana biyu.

Ya ce, "Ku bar musu. Duk ita ce."

Akwai kuma wata mata mai tabarau mai kauri da ta zauna cikin matan zumunta na cocinmu, ba ta yi magana da kowa ba, hawaye kawai take sharewa. Da za ta tafi ta riƙe hannuna ta ce, "Ni ce wadda Malama ta yi kuskure a kaina." Na ce mata na sani, Gwaggo ta ba ni labarinta.

Ni ma malama ce yanzu, aji huɗu nake riƙe da shi a wata firamare a Samaru. Na zauna rubuta wannan ne don na lura mutanen nan kowa ɓangare guda ya sani, kuma in muka yi shiru, nan da 'yan shekaru abin da za a tuna kawai shi ne an yi wata tsohuwar malama a Jushi mai kirki. Kirki kuwa ba shi ne abin da ya fi yawa a jikinta ba. Son sani ne.

Sama da shekara talatin ta yi tana koyar da aji uku a wata firamare a Sabon Gari. Ajin ya tara kowa: 'ya'yan Hausawa, 'ya'yan Ibo da Yarbawa da iyayensu ke kasuwa, da yaran kudancin Kaduna da suka biyo iyayensu aikin jirgin ƙasa. Duk shekara, makon farko na zango ba ta koyar da komai. Ranar Litinin ta ba su labari da baki, washegari ta ga wa ya riƙe. Talata ta zana hanyar makaranta zuwa kasuwa a allo, ta goge, ta ce kowa ya sake zanawa. Laraba ta juye buhun murafen kwalba da tsinkayen tsintsiya da curin yumɓu a tsakar aji, ta koma gefe ta naɗe hannu. Alhamis ba ta ma zama ofishin malamai lokacin tara, tana gindin mangwaro tana kallon yadda suke wasa: wa ke tsara dokar wasan, wa ke tsayawa ya kalla tukuna, wa ke faɗawa ciki kafin ya gane. Ranar Juma'a sai ta buɗe wani littafi mai baƙin bango, a gaban sunan kowane yaro ta zana kunne, ko ido, ko hannu. Da fensir take yi. In an tambaye ta dalili sai ta ce ita ba ta gama sanin kowa ba balle ta ɗauki biro.

Hedimastoci sun sha yi mata magana a kan manhaja. Akwai wanda ya tsaya a bakin taga ya ga yara na birgima da yumɓu, ya kira ta waje ya ce, "Malama, sauran azuzuwa sun kai shafi na goma."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ka dawo ƙarshen zango ka tambayi yaransu abin da ke shafi na goma."

Ba a makaranta kaɗai abin ya tsaya ba. In mun hau acaba sai ta tsare mai babur da tambaya: da ka zo garin nan, yaya ka koyi hanya? Wani ya ce an zagaya da shi ne, wani ya ce shi sai da ya ɓata sau uku. Ta taɓa tsayawa wajen mai shayi a bakin tasha har motarmu ta kusa tashi, don tana son ta gane yadda yake riƙe abin da mutum takwas suka ce a haɗa musu ba tare da ya rubuta ba. Da muka shiga mota ta ce mini, "Kin lura? Kofunan yake jerawa yadda mutanen suke zaune." Ranar nan har muka isa gida fuskarta a sake take, kamar an yi mata kyauta.

Sau ɗaya muka yi faɗa da ita, kuma ni na jawo.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a a Samaru, sashen koyarwa, lokacin da wayar hannu ta fara shiga hannun ɗalibai. Ina haya a wani ɗaki a Bomo, ƙarshen mako nake zuwa Jushi. Aikin binciken da zan kammala digiri da shi, wanda muke kira furojet, a kan salon koyon ɗalibai ne: a auna kowane yaro a ga ta wace hanya karatu ya fi shigarsa, don malami ya bi da shi ta nan. Na zaɓi batun ne saboda ita, ko da yake ban faɗa mata ba. Na shirya takardar tambayoyi, na fassara ta da Hausa, na buga da na'ura. Lokacin ta yi ritaya daga gwamnati, tana riƙe da wani aji a 'yar makarantar da cocinmu ya buɗe. Na kai mata takardar ina jiran yabo.

Ta sa tabarau, ta karanta a hankali. Ta tsaya a tambaya ta huɗu ta karanto ta a fili. "Na fi gane abu in na karanta shi da kaina. E ko a'a." Ta ɗago. "Yaron da bai iya karatu ba fa, wa zai karanta masa wannan?"

Na ce ni zan karanta masa.

"To da kunne ya ji ke nan. Kuma in kin tsaya a kansa da takarda da biro, kin ce masa yana son karatu, wane yaro ne zai ce a'a?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Gwaggo, wannan fa bincike ne na ilimi, masana suka tsara irinsa. Ba zanen kunne da ido ba ne a littafin aji."

Ta cire tabarau, ta ninke takardar ta miƙo mini, ta tashi ta shiga kicin. Washegari na koma Bomo ban yi mata sallama sosai ba. Wata biyu ban taka Jushi ba. Baba ya aiko a ce mini in je in ba ta haƙuri, na ce karatu ya yi yawa.

Ita ta zo. Wata Asabar da rana, tsakiyar damina, hanyar Bomo ta zama taɓo. Na ji sallama na buɗe ƙofa, na gan ta da takalmi a hannu, zaninta ya jiƙe har gwiwa, don mai acaba ya ajiye ta tun daga nesa. A jakarta akwai kwanon kwaɗon zogale da ɗaya daga cikin littattafan nan masu baƙin bango. Na rasa inda zan sa kaina don kunya. Na kawo ruwa ta wanke ƙafa, ta zauna a bakin katifata, ta buɗe wani shafi ta nuna mini suna guda. A gabansa an zana kunne, an danna fensir ɗin har ya kusa huda takarda.

Ta ce, "Wannan yarinya ba ni da ɗalibar da ta kai ta riƙe magana. In na faɗi abu sau ɗaya, bayan wata guda za ta maimaita mini shi har da inda na yi tari. Amma in ta kwafi abu daga allo, sai ki rantse kaza ce ta bi ta kan littafin. Na ce ai ga ta nan, ta kunne ce. Tunda mai kunne ba ya bukatar gaba, na mayar da ita bencin baya, na ba masu ido wurinta. Shekara guda tana can, ina yabonta, ina jin daɗin kaina."

Na tambaye ta me ya faru.

"Ta wuce aji huɗu, ta faɗa hannun malamin da komai a allo yake rubutawa. Ya ce taurin kai ne, ya riƙa dukanta. Uwarta ta gaji ta cire ta, ta zaunar da ita a gida tana taya ta suyar ƙosai. Sai bayan shekara biyu wata nas ta zo cocinmu tana duba idon yara. Ta ɗaga yatsu daga nan zuwa ƙofar can, yarinyar nan ba ta iya faɗin ko nawa ne ba." Ta rufe littafin. "Ba kunne ta zaɓa ba. Allon ne ba ta gani. Ni kuma na ɗauke ta na ƙara nisanta ta da shi."

Ta ce a ranar ta je gidansu ta durƙusa wa uwar, matar da ta girme wa nesa ba kusa ba. Ita ta kai yarinyar asibitin ido, ita ta tsaya har aka mayar da ita makaranta, ta zauna aji ɗaya da ƙannenta. Yarinyar ta yi karatu daga baya, ta zama ungozoma. Ita ce mai tabarau ɗin da ta riƙe hannuna a wurin makoki. Amma shekara biyun nan Gwaggo ba ta taɓa yafe wa kanta su ba.

Ta ce, "Ban ƙi takardarki don ta masana ce ba. Tsoronta na ji don ta yi kama da littafina. Da zarar kin rubuta abu a gaban sunan yaro, sai ki daina kallonsa."

Daga nan ta ce in kai takardar tawa ajinta, amma da sharaɗi biyu. In zauna mako guda a bayan aji ban buɗe baki ba, sa'an nan in raba takardar sau biyu, da tazarar mako uku a tsakani.

Na yi yadda ta ce. Abin da ya fito ya tayar mini da hankali, ita kuwa ya faranta mata rai. A wasu yaran takardata da littafinta sun yi daidai, a wasu sun saɓa. Abin da ya fi damuna, yara da dama amsar da suka bayar a karo na biyu ba ita ce ta farko ba. Na zauna a tsakar gidanta da takardu a baje, ina cewa furojet ɗina ya lalace. Ita tana ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Ikon Allah. Wannan me ya sauya shi?" Washegari ta kira su ta tambaya. Ɗaya ya ce abin da abokinsa ya zaɓa ya zaɓa. Wata ta ce a karon farko lissafi take tunani, a na biyu kuma labarin ƙasa. Gwaggo ta daɗe tana juya wannan amsar. Ta ce, "Kin ji ko? Yarinyar nan ta fi mu gaskiya. Wa zai koyi ɗinki da kunne? Wa zai koyi waƙa da ido?"

Na ce to in haka ne, mene ne amfanin aunawar gaba ɗaya?

Ta ce ita ma ta daɗe tana tambayar kanta. Abin da ta gano shi ne, in aka bar ta da halinta, da baki kawai za ta yi ta koyarwa, don surutu ne ya fi mata sauƙi. Makon nan na kallo shi ke tuna mata cewa mutum arba'in ne a gabanta ba mutum ɗaya ba. Shi ya sa ko wane darasi sai ta faɗe shi, ta zana shi, ta sa a taɓa shi, kuma ta lura in ta yi hakan har wanda ta zana wa kunne ya fi ganewa. "Ni abin yake gyarawa," in ji ta. Na rubuta hakan a babin ƙarshe da kalmomin da suka fi nata tsawo. Malamin da ke duba aikina ya ja layi a gefen wurin ya rubuta cewa in kawo madogara. Ban san yadda zan rubuta masa cewa yayar babana ce ba.

Shekara huɗu bayan na fara koyarwa, shanyewar ɓarin jiki ta kama ta. Hannun dama ya mutu, magana ta ɗauke. Tana jin duk abin da ake faɗa, idonta na bin mutum, amma in ta buɗe baki sai wani sauti guda ya fito, ta yi ta maimaita shi har ta gaji ta juya fuska bango. Matar da ta rayu da tambaya ta koma ba ta iya tambayar ko ruwa.

Na ce ai ni malama ce. Na yanka kwali na zana kofi, na zana gado, na rubuta sunayensu da manyan baƙaƙe. Ta kalla ta kawar da kai. Na sa mata cokali a hannun hagu ina faɗin sunansa. Ta sake shi ya faɗi. Wata uku ina wannan duk Asabar, ban samu kalma ɗaya ba, har na fara jin haushinta, ina jin haushin kaina da na ji haushinta.

Wata Alhamis da la'asar matan zumunta suka zo duba ta, ni ma na samu hutu na zo. Suka yi addu'a, suka ɗauki wata tsohuwar waƙar coci. A baiti na biyu na ji wata murya a ƙarƙashin tasu. Gwaggo ce. Kowace kalma ta fito daidai, daga farkon baitin har ƙarshensa. Matan suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, ita ta ƙarasa ita kaɗai. Da ta gama ta dube ni, ta ɗaga gira ɗaya, wadda take ɗagawa in ɗalibi ya daɗe bai gano abin da ke gabansa ba.

Daga ranar gidan ya koma gidan waƙa. In an ɗora magana a kan karin da ta sani, tana iya amsawa da kalma biyu ko uku, ita ma a kan karin. Baba, dattijon da ko a coci leɓe kawai yake motsawa don ya san muryarsa, sai ga shi a bakin gadonta yana rera, "Yaya, za ki sha koko?" Ita kuma ta rera masa, "Ba sukari." Maƙwabta Musulmi da ke shigowa gaishe ta, su ma suka koyi jan gaisuwar da kari, suna yi suna dariyar kansu.

Duk Asabar ina ba ta labarin ajina, tana saurare. A zangon nan akwai wata yarinya daga Bomo da ta gagare ni. Ba ta magana, ba ta ɗaga hannu, in na tambaye ta sai ta sunkuyar da kai. Na gwada labari, na gwada zane, na gwada murafen kwalba. Na sa an duba idonta da kunnenta, lafiya lau. A aji kamar ba ta nan, amma wani lokaci in an ba da aikin gida sai ta kawo shi daidai, har na fara zargin wani ke yi mata. Asabar ɗin ƙarshe na sake kawo zancenta. Gwaggo ta rufe ido, na ɗauka barci ne. Sai na ji ta fara gunjin kari a maƙogwaro, ta neme shi har ta kama, ta rera mini kalma biyu.

"Je gidansu."

Na ce to. Laraba ta rasu ban je ba.

Sai da aka tashi daga makoki da mako guda na hau acaba zuwa Bomo bayan an tashi makaranta. Na yi tambaya aka nuna mini gidan, can ƙarshen gari kusa da gonakin masara. Uwar yarinyar na tsakar gida tana sussukar wake. Da na faɗi ko ni wace ce ta tsorata, ta ce ko wani laifi ta yi. Na ce a'a, gaisuwa na zo. Ta ce, "Tana bayan ɗaki da 'yan makarantarta."

Na zagaya a hankali na tsaya a inda ba za a gan ni ba. Yara huɗu ƙanana na zaune a kan buhu. Yarinyar na tsaye gaban katanga da gawayi a hannu, ta zana da'ira ta raba ta huɗu, darasin da na yi wa ajinsu da safiyar ranar. Muryarta a buɗe, har da kaushi. Ta ƙwanƙwasa katangar sau biyu da gawayin yadda nake ƙwanƙwasa allo, ta ce, "Ido a nan, ba a taga ba." Maganata ce, da irin jan da nake mata. Ta kai wani wuri ta kakare, ta tsaya tana kallon zanen, leɓenta na motsi. Ta goge da tafin hannu ta sake rabawa, wannan karon daidai, ta juyo ta yi musu bayani kamar ta shekara da saninsa.

Uwar ta zo ta tsaya a bayana ta ce ƙasa-ƙasa, "Kullum haka take. Ba ta cin abinci sai ta sallame su. In abu ya gagare ta sai ta ce musu su jira gobe."

Ban bari yarinyar ta gan ni ba. Na yi wa uwar sallama na fito cike da ɗoki. Wannan ba kunne ba ne, ba ido ba, ba hannu ba, yarinya ce da ba ta gane abu sai ta koyar da shi. Na hau acaba zuwa Samaru, na faɗa motar Sabon Gari zan wuce Jushi, ina ta neman karin da zan ɗora labarin a kai, ina hango yadda Gwaggo za ta sa in maimaita mata wurin da yarinyar ta kakare. Sai da muka wuce Kwangila na tuna babu ita. Ban sauka ba.

Allah ya ji ƙan Gwaggo, ya ba ta hutu a wurinsa, ya ba Baba ƙarfin zaman da ya rage masa ba ita.